Yaƙi da Ƙwari a Ƙasar Zazzau

Ganuwar Birnin Zariya ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Mutanen da sun bar filayen noma masu yawa a cikinta, don in abokan gaba sun yi wa gari zobe a sami abin da za a ci daga ciki. To, ganuwa ta kan tsare mahayin doki da maharbi, amma ba a taɓa gina wadda ta tsare fara ko tsutsa ba. Sabo da haka tun da can Zagezagi su ke da yaƙi na biyu, wanda ba a kaɗa masa tambari, watau yaƙi da ƙwarin gona da na rumbu. Tarihin wannan yaƙi rabinsa labarin magani ne, rabinsa kuwa labarin doka ne, da wanda ya ke da ikon sa mutane su bi ta.

Kafin zuwan Turawa manomi ba shi da gubar da zai fesa, sai dabara. Ya kan shuka gero da ruwan fari, ya sa dawa a tsakani, in damina ta yi nisa ya soka wake a ƙarƙashinsu, har gona ɗaya ta ɗauki iri uku ko huɗu. Ƙwaron da ke son wake sai ya sha wahalar nemansa cikin kara, in kuma wani iri ya lalace wani ya tsira. In hatsi ya fara ido a kan ɗora yara bisa rumfa da majajjawa su kori tsuntsaye. Rumbu kuwa a kan ɗora shi bisa duwatsu don gara, wake a bar shi cikin kwansonsa, ko a sussuke a cuɗa shi da toka ko yashi mai laushi ko barkono, a liƙe bakin tukunya da laka. Abin da ya fi ƙarfin wannan duka, kamar fara in ta rufe rana, sai a koma ga roƙon Allah, a kuma kama wadda ta samu a soya.

Fara ce ta fara nuna wa hukuma cewa akwai ɓarnar da mutum ɗaya ba ya iya tsare ta. A cikin shekara ta 1928 ta taso daga fadamun Kwara na ƙasar da a ke kira Mali yanzu, ta yi shekara goma da wani abu tana yawo cikin Afirka, ƙasar Hausa kuwa ta sha ta ƙwarai daga wajen 1930. En'e ta riƙa fid da mutane gayya, a haƙa ramuka a kora 'ya'yan fara ciki tun ba su yi fiffike ba, a kuma watsa dusa da aka cuɗa da guba. Amma inda doka ta zauna sosai a kan ƙwari a ƙasar Zazzau, wajen auduga ne.

Auduga tsohuwar sana'a ce a nan, gama masaƙa da marina na birni ba daga Turai su ke samun zare ba. Turawa sun ci Zariya a 1902, a wannan shekara kuma masu masaƙu na Ingila suka kafa ƙungiyar neman auduga a Mancesta, wadda Hausawa suka sa wa suna Bisije. Da hanyar jirgi ta iso a 1911 sai suka kafa injin gurza a Zariya. A 1912 aka kawo wani irin auduga na Amurka mai dogon gashi, mai suna Alan, aka gwada shi a gonar gwamnati ta Maigana, a 1922 kuma aka fara aikin binciken noma a Samaru, 'yan mil kaɗan arewa da birni. Kada mai karatu ya zaci don jin ƙan talaka aka yi wannan ɗawainiya. Masaƙun Ingila ke bukatar kaɗa, kuma an daɗe a na ja-in-ja, don masu saye sabo da masaƙan gida sau da yawa sun fi Bisije kuɗi. Amma ko da don wa aka yi, abin da aka koya a kan ƙwari ya zama na kowa.

Da ma'aikatan Samaru suka duba abin da ke cin auduga, sai suka tarar ba maƙiyi ɗaya ba ne. Akwai jar tsutsa, wadda ke huda ƙwallon auduga ta cinye cikinsa. Ita ba ta da wani abinci sosai in ba auduga ba, in kuwa kaka ta wuce sai ta sauka ƙasa ta naɗe kanta ta kwanta, har damina ta kewayo ta fito da fiffike ta yi ƙwai. Akwai wata ƙarama mai ruwan hoda, wadda ke yin rani cikin angurya da busassun ƙwallayen da aka bari a jikin ƙirare. Akwai ta uku wadda ba ta zaɓen abinci, ta ci masara, ta ci dawa, ta ci tumatir, sa'an nan ta faɗa wa auduga. Har wa yau akwai jan ƙwaro mai tsotsar angurya, wanda ke ɓata farin kaɗa ya mai da shi rawaya. Shi wannan in babu auduga sai ya koma ga 'ya'yan kuka da na rimi, Zariya kuwa garin rimi ce, har unguwanni suka ci sunansa, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Watau itacen da birni ke alfahari da shi, shi ne masaukin ɓarawon kaɗa da rani.

Daga wannan sani aka fid da doka. Tun da ya ke tsutsa biyu na farko ba su rayuwa sai da auduga, in aka yi wata da watanni babu ko tushe ɗaya a tsaye a ƙasa duka, yunwa za ta rage su kafin sabuwar shuka. Sai aka sa rana: in ta yi, ko wane manomi ya tuge audugarsa ya ƙone ƙiraren, kada kuma kowa ya sake shuka sai ranar da aka buɗe. Iri kuma ba a yarda mutum ya ajiye nasa ba, sai wanda ya fito daga Bisije, a raba shi kyauta ta hannun hakimai. Sayarwa kuma sai a fuloti, inda malamin auduga zai duba ya ba ta lamba.

Abin lura a nan shi ne yadda dokar ta ke tafiya da ƙafa. Ta fito daga Razdan zuwa ga Sarki, daga fada zuwa ga hakimi, hakimi ya kira dagatai, dagaci ya kira masu unguwa, mai unguwa kuwa ya san ko wace gona da mai ita, har da wanda ya ara. Mai shela ya bi kasuwa da ganga. In rana ta wuce malamin gona ya ga auduga a tsaye, ba ya bukatar tambayar kowa mai nisa, kuma alƙali yana kusa. Manoma da yawa ba su so ba, suna kuwa da hujja: ƙirare makamashi ne da rani, awaki na cin tohon, tushen da aka bari kuma ya kan ba da 'yar kaɗa da wuri ba tare da wahalar shuka ba. Amma ƙwaro bai san iyakar gona ba. In mutum tara suka ƙone, na goma ya bari, gonarsa ce za ta yi renon abin da zai cinye ta tara. Don haka ne wannan magani ba ya ci sai an sha shi gari ɗaya, rana ɗaya. Ba wai ya kashe ƙwari duka ba ne. Binciken da aka buga a kan jar tsutsa a 1954 ya nuna tana iya daɗewa kwance cikin ƙasa, inda wutar ƙirare ba ta kai ba, tsutsar da ke cin kome kuwa dokar ba ta taɓa ta ba ko kaɗan. Ragi aka samu, amma ragi ne wanda ba a biya ko anini a kansa ba.

Akwai wani aiki da aka yi a ƙasar Zazzau wanda ya nuna ƙarfin irin wannan doka, ya kuma nuna inda ta ke da rauni. A zamanin Sarki Ja'afaru, wanda ya hau a 1937, ciwon barci ya yi yawa a wajen Anchau, gabas da birni. Ƙudan tsando ke kawo shi, shi kuwa ba ya zama sai a inuwar kurmin bakin rafi. Sai aka sare kurmin rafuffuka a wani yanki mai tsawon mil 70 da faɗin mil 10, aka tashi mutane daga ƙananan ƙauyuka aka tara su, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ba a fesa kome ba, ƙuda ya rasa wurin zama, ciwo ya ja baya. Sharaɗin kawai shi ne ko wace shekara a fito gayya a sare tohon. Bayan shekara ashirin wani masani Ba'amurke, Horace Miner, ya zo ya zauna ya tambayi mutanen. Ya tarar da yawansu ba su yarda ƙuda ke kawo ciwon ba, sun dai yi sara ne don an ce su yi, inda kuwa aka daina matsa wa dagaci, sara ta tsaya. An ba mutane umurni ba a ba su dalili ba, ranar da mai umurni ya kau, aiki ya bi shi.

Ana cikin haka sai ga maganin feshi. A 1939 wani mutumin Suwizalan, Paul Müller, ya gano ƙarfin DDT a kan ƙwari, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa ya bazu ko ina tare da ɗan'uwansa BHC, wanda aka fi sani a nan da sunan Gamalin. A Samaru aka gwada, aka ga auduga ta ba da abin da ba a taɓa gani ba. Shawarar da aka fitar ita ce a shuka da wuri cikin watan Yuni, ita kaɗai a gona, in ta fara fure a riƙa fesa mata mako mako har wajen sau shida. A takarda ba ta da aibu. A gona kuwa watan Yuni shi ne lokacin noman farko na gero da dawa, mai iyali kuma ba ya barin abinci ya tafi ga abin sayarwa, sabo da haka sai Yuli ya ke shuka auduga. Ga kuɗin famfo, ga ruwan da za a ɗauko a ka daga rafi mai nisa. Da yawa suka ƙi, aka riƙa ce musu masu taurin kai.

A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, gidan gona na Samaru ya zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashinta. Daga nan ne wani Bature, David Norman, da abokan aikinsa suka shiga ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a wajen 1966, suka yi shekara suna auna gonaki, suna ƙidaya kwanakin aiki da abin da aka girbe. Suka tarar mafi yawan ƙasar da a ke nomawa haɗe-haɗe ce, kuma in aka lissafta wahalar da aka sha a lokacin da hannu ya fi ƙaranci, mai haɗa iri ya fi mai ware su riba, ya kuma fi shi tsira a muguwar shekara. Ashe mai taurin kan lissafi ya ke yi.

A waɗannan shekaru kuma wasu ƙasashe sun riga sun ɗanɗana ɗacin feshi. A kwarin Kanyete na ƙasar Peru masu auduga sun yi ta ƙara magani, ƙwari suna ta sabawa da shi, ƙwarin kirki masu cin na ɓarna kuwa suka mutu, har noman ya durƙushe a 1956. Da suka taru neman mafita, abin da suka zartar shi ne a rage guba, a hana barin tsohon tushe, a sa ranar shuka da ranar tugewa, watau dokar nan da dagatan Zazzau suka sani. A 1959 wasu masana a Kalifoniya suka tsara abin a rubuce: kada a fesa don kwanan wata ya yi, sai an shiga gona an ƙidaya ƙwari an ga ɓarnarsu za ta fi kuɗin magani, a kuma fara da iri mai juriya, da lokacin shuka, da tsabtar gona, da maƙiyan ƙwaro na halitta, guba ta zo daga ƙarshe. Wannan shi ne a ke kira haɗakar dabarun yaƙi da ƙwari. A 1962 Rachel Carson ta buga littafinta a kan ɓarnar DDT ga tsuntsaye da ruwa, Amurka kuma ta hana shi a gona a 1972.

Shekara ta 1975 ta koya wa Arewa nata karatun. Wasu 'yan ƙananan ƙwari masu kawo darɓa suka yaɗa kuturtar gyaɗa, ta halaka wajen hekta 700,000, dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi kamar da ba. Alhali tun farkon shekarun 1960 an nuna a Samaru cewa gyaɗar da aka shuka da wuri, aka kuma matse ta har ta rufe ƙasa, ba ta cika kamuwa ba, gama ƙwarin sun fi sauka inda suka ga fili tsakanin tushe da tushe. Sanin yana nan cikin ofis, mai kai shi gona ne ya yi kaɗan.

A daidai nan ne ƙafafun doka suka karye. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, a 1976 aka kawo ƙananan hukumomi, hakimi da dagaci suka zama masu ba da shawara. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki, har da ta auduga, raba iri da fuloti suka watse. Ba a rasa abin zargi ga mulkin En'e ba, an yi tara ta zalunci, an yi cin hanci a bakin sikeli, ba kuwa kowa ne ya yi kukan tafiyarsa ba. Sai dai ba a sa kome a gurbin wannan aiki nasa ba. Ranar ƙona ƙirare ta zama abin da tsofaffi ke tunawa, magani kuwa ya fito daga sito na gwamnati ya shiga kasuwa, a na tsiyaya shi cikin ƙananan kwalabe kamar man gyaɗa. Bayanin da ke jikin gwangwani da Turanci ne, mai saye ya kan auna da murfi, ya fesa ba takalmi ba abin rufe hanci, in ya ga bai ci ba ya ƙara, ko ya haɗa iri biyu. Masu su suka ɗauki Gamalin suna zuba wa ruwa, 'yan kasuwar hatsi suka ɗauki fiya-fiya suna yayyafa wa wake.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita aka ɗora wa rajistar magungunan ƙwari, Nijeriya kuma ta shiga yarjejeniyar Istokholm ta 2001 wadda ta hana guba masu daɗewa a ƙasa da jikin mutum. A 2008, bayan 'yan mata fiye da 100 na wata makaranta a Jihar Gombe sun kwanta asibiti don cin wake, hukumar ta hana iri 30, cikinsu har da DDT da Gamalin. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya, don an sami sinadarin fiya-fiya a cikinsa fiye da abin da dokarsu ta yarda, ninki ba ninki. A 2019 kuma aka hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kantunan unguwa. Duk waɗannan dokoki a kan gwangwani su ke, wane zai shigo, wane ba zai shigo ba. Ba su faɗi ranar da za a yi kome a gona ba, jami'in da ke tsare su kuma yana tashar jirgi ko babban birni, ba ya cikin unguwa.

Abin da ya rage guba a zahiri cikin 'yan shekarun nan daga wajen dabara ya fito. Daga 2007 aka yaɗa buhu mai hawa uku, leda biyu masu kauri cikin buhun saƙa, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta tsara bisa gwajin da aka fara a arewacin Kamaru. In aka ɗaure shi tam iska ta kan ƙare wa ƙwaron wake ya mutu, kamar yadda tukunyar da tsofaffi ke liƙewa da laka ta ke yi. A ƙarshen 2019 kuma Samaru ta fitar da wake mai suna SAMPEA 20-T, aikin Farfesa Muhammad Ishiyaku da jama'arsa, wanda aka dasa wa ƙwayar halitta mai kashe tsutsar da ke cin fure da kwanso, har feshin da a kan yi sau shida ko takwas ya koma wajen sau biyu. Akwai masu ƙyamar irin da aka sauya wa halitta, gardamar kuwa ba ta ƙare ba. Abin da ba gardama a kansa shi ne waken bai tsare ƙwari masu tsotsa ba, kuma in aka dogara gare shi kaɗai tsutsa na iya sabawa da shi yadda ta saba da DDT.

Tumatir ne ya mai da tsohuwar magana sabuwa. Wata 'yar tsutsa mai shiga tsakanin fatar ganye, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, ta ƙetaro Afirka, manoma a nan suka sa mata suna Sharon. A cikin watan Mayu na 1916 da ɗari, watau 2016, Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi shelar dokar ta-ɓaci a kanta, bayan ta cinye lambuna da yawa, kwandon tumatir ya yi tsadar da ba a saba gani ba. Masu lambu suka yi ta feshi, tsutsar kuwa tana cikin ganye inda magani ba ya kai wa sosai, ta kuma riga ta saba da guba iri iri tun daga ƙasashen da ta biyo. Cikin shawarwarin da masana ke bayarwa a kanta akwai tarkon ƙamshi mai jawo mazan, da sauya irin magani, da tuge tsohon tumatir a ƙone, da barin yanki duka ba tumatir na 'yan makonni. A fadamun Galma kuwa, gabas da ganuwa, injin ban ruwa ya sa wani na tsinka, maƙwabcinsa na dashe, na uku ya bar tsohuwar gona a tsaye yana jiran kasuwa ta ɗaga, ko wane da ranarsa.